Jitar Lantarki: Hannu Ke Zaɓe, Ba Ido Ba

Jitar farko da na saya ja ce jawur, tana sheƙi kamar sabuwar mota. A wani shago na hango ta rataye, a layin masu sayar da kayan kiɗan coci da lasifikokin biki, kuma tun kafin mai shagon ya sauko da ita na riga na saye ta a zuci. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ai 'yar Amurka ce, dubi sunan da ke kanta." Na duba, na ga suna, na biya. Ko yatsa ban ɗora a kan tsirkiya ba, domin ko na ɗora ban san abin da zan nema ba. Wata biyu ina fama da ita, yatsu na zugi, sautin da ke fita kamar kukan ƙofar langa-langa, har na haƙura na ce Allah bai ba ni hannun kiɗa ba. Sai ranar da wani dattijo, wanda ya ci ƙuruciyarsa yana kiɗa a otal-otal na Jos, ya karɓe ta ya ɗaga ta saitin ido kamar maharbi na auna bindiga. Ya haɗa tsinken ashana biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya zura tsakanin tsirkiya da wuyan jitar, suka wuce salin-alin. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ba laifin hannunka ba ne. Wannan ko ni ta samu sai na ji a jikina."

Kamfanin Fender, wanda da sayar da jita yake ci, ya taɓa bayyana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na masu fara koyo suna watsar da abin tun a shekarar farko. Ina kyautata zaton da yawansu irin matsalata ce ta kore su. Sun sayi abin da ido ya so, hannu kuma ya ƙi.

Yana da kyau mutum ya fara sanin abin da yake saya. Jitar gargajiya, mai ƙoƙon katako, ita ke ƙara wa kanta murya, kamar yadda ƙwaryar gurmi ko ta goge ke yi. Ta lantarki kuwa gungumen katako ce kawai, in ka kaɗa ta ba a jone ba da ƙyar na bakin ƙofa zai ji. Sirrinta yana ƙarƙashin tsirkiyoyi: wasu 'yan sanduna na maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, masu abin na ce musu fikof. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansu, sai su haifar da 'yar wutar lantarki mai rauni, waya ta kai ta amfilifaya, ita kuma ta mayar da ita sauti. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki a kanta. Bukata ce ta haifi dabarar. A manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka, ƙahonni da ganguna sun danne jita ba a jin ta, sai George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fito da ta lantarki kasuwa a 1932, wadda saboda siffarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Leo Fender, mai gyaran rediyo ne da bai iya kaɗa jita ba, ya kawo wadda daga baya aka sani da Telecaster a 1950, sannan Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson ya fitar da Les Paul a 1952. Yau sama da shekara saba'in ke nan, amma kusan duk jitar da za ka gani rataye a shago, a Sabon Garin Kano ne ko a Alaba ta Legas ko a Yamai, jikar ɗaya daga cikin ukun nan ce.

Bambancin da ke tsakaninsu wanda ya shafi ɗan koyo bai taka kara ya karya ba. Zubin Stratocaster ya fi sauƙin ɗauka, nauyinsa kamar kilo uku da rabi, kuma an fafe bayansa yadda zai kwanta a jikin mutum. Les Paul takan kai kilo huɗu zuwa huɗu da rabi, kafaɗa na sanin ta ɗauki kaya, sai dai tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, na Fender kuwa 25.5, don haka ta ɗan fi laushi a yatsa. Sai maganar fikof. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender, sautinsa garau yake, siriri mai kaifi, irin wanda kunnenmu ya saba ji a kiɗan Agadas da na hailaif. Aibinsa shi ne kwashe-kwashe: duk wata hayaniyar wuta da ke ɗakin, ta fanka ce ko ta cajar waya ko ta janareta, sai ya jawo ta ya zuba maka a lasifika, ka ji wani zuuu kamar ƙudan zuma. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson aka fara sa shi a Les Paul a 1957, an naɗe shi ne ɗaya na saɓa wa ɗaya don su kashe wannan gurnani, kuma muryarsa ta fi kauri. Da yake wayoyin gidajenmu sai addu'a, ni ina ba ɗan koyo shawarar ya nemi mai haɗi, wato mai naɗi biyu guda ɗaya daga ƙasa da masu naɗi ɗaya guda biyu. Yamaha Pacifica haka take, Squier ma, wato ƙaramin layin Fender, tana da irinta, haka Ibanez. Epiphone kuwa ita ce ta gidan Gibson mai sauƙin kuɗi. Sababbinsu na masu fara koyo sukan kama daga dala 200 zuwa 350 a can inda ake sayar da su, Fender 'yar asalin Amurka kuma ta haura dala dubu. To in wani ya miƙo maka "'yar Amurka" a kuɗin akuya, ka san inda aka dosa. Jabun nan ba mu kaɗai yake ci ba: a 2024 jami'an kwastan na Amurka sun kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Anjelis.

Ban ce a guji mai araha ba, ban kuma ce a guji ta hannu ba. Sau da yawa tsohuwar Yamaha 'yar gwanjo, duk da ƙujewar fenti, ta fi sabuwa dal marar asali. Abin da na ce shi ne kada a yi cinikin biri a sama. Ka je da kanka, in da hali ka ja wanda ya iya, ko da kuɗin mota da na abinci za ka biya masa. In babu, ga abin da dattijon nan ya koya mini, kuma ba ya bukatar ka iya kiɗa.

Ka zauna, ka ɗora ta a cinya, ka kama wuyanta da hannun hagu. Wuya kala-kala ne, wani kauri kamar taɓarya, wani siriri, kuma hannunka ne kaɗai zai gaya maka wanda ya yi masa. Ka shafa gefen wuyan daga sama har ƙasa, in ƙarafunan da ke gicciye, waɗanda ake kira firet, suna kartar fata, to aikin bai yi kyau ba ko katakon ya bushe ya tsuke. Ka ƙirga zuwa firet na goma sha biyu, inda yawanci ake sa ɗigo biyu, ka dubi tazarar da ke tsakaninsa da tsirkiya. Bai kamata ta wuce milimita biyu ba, wato kaurin tsinken ashana ɗaya. Ka danna kowace tsirkiya a kowane firet ka kaɗa, kana sauraron inda sauti zai mutu ko ya yi ƙarar ƙarfe. Sannan ka sauke manhajar saita tsirkiya a wayarka, kyauta ce, ka kaɗa tsirkiya a sake, ka kuma kaɗa ta a danne a firet na goma sha biyu. Harafi ɗaya ya kamata manhajar ta nuna, allurar na tsakiya. In ta kauce kaɗan ana gyarawa a wajen jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa daga ƙasa. In ta kauce da nisa, ka ajiye musu kayansu. A ƙarshe ka ce a jona ta, ka murɗa kowane maɓalli, ka jijjiga bakin wayar, ka ji ko akwai ƙaraf-ƙaraf. Mai shagon da ya ce babu wuta, ka ce ya tada inji.

Yawancin waɗannan matsaloli ma gyaruwa suke yi. A cikin wuyan kusan kowace jitar lantarki akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko a sassauta da ɗan makulli mai kusurwa shida don miƙe wuyan, jakin kuma ana ɗaga shi ana sauke shi. Jita mai araha da gwani ya saita ta fi mai tsada da aka bari yadda ta fito daga kwali. Ka ware kuɗin wannan saiti tun a lissafin farko, tare da sababbin tsirkiyoyi masu laushi, waɗanda aka rubuta 9 zuwa 42 a jikin ledarsu. Sandar nan da ke lilo a jikin jaki, wadda ake dannawa sauti ya lanƙwashe, ka kwance ta ka jefa a aljihun jaka tukuna, ba abin da za ta yi maka yanzu sai kwance maka saiti.

Bahago kuma fa? A gidajenmu da yawa tun yana yaro an riga an kwaɓe shi ya koma dama, kuma jitar hagu wuyar samu gare ta a kasuwanninmu. Ya gwada ta dama mako biyu. In jiki ya ƙi, ya nemi tasa, ba abin kunya ba ne. Gwanin jita Jimi Hendrix juya ta dama ya yi ya sake jera tsirkiyoyin, Mdou Moctar na Nijar ma bahago ne.

Inda masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba za su taimake ka ba shi ne gidan da jitar za ta zauna. Su ba su san a ɗauke wuta ana tsakiyar darasi ba. Rabin jitar lantarki amfilifaya ce, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure na biyu, su kinkimo ƙatuwa mai wat ɗari wadda in an murɗa ta kwata maƙwabta za su kai ƙara wajen mai unguwa. Wanda zai kaɗa don jin daɗin kansa wat uku zuwa goma sun ishe shi. Akwai ƙanana masu aiki da batir, irin su Blackstar Fly 3 da Boss Katana Mini da Roland Micro Cube, akwai kuma waɗanda ba su fi akwatin ashana biyu ba, irin Vox amPlug, da ake cusawa a jikin jitar a sa abin sauraro a kunne. Da irin wannan kana iya kiɗanka ƙarfe goma sha ɗaya na dare, uwargida da yara na barci, ba ruwanka da NEPA. Sai dai a tausaya wa kunne, ji in ya tafi ba ya dawowa. In kuwa ɗan'uwa ne zai aiko maka daga Amurka, ka tuna wutarsu bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 230. Ka karanta abin da aka rubuta a bayanta kafin ka cusa a bango, in ba haka ba hayaƙi ne zai zama kiɗanka na farko. Wani abin da ba a wasa da shi: tsirkiyoyin nan a haɗe suke da jikin amfilifaya ta waya. In ka taɓa su ka ji wuta na ɗan cizonka, ka zare nan take ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta soket ɗin, kada kuma ka kaɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Sai yanayi. Katako na son danshi matsakaici, kamar kashi 45 zuwa 55, mu kuwa hunturu na zuwa ya busar da komai har leɓe ya tsage, damina ta zo ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa. A nan ta lantarki ta fi ta ƙoƙo juriya nesa ba kusa ba, tunda ba ta da siririn allon da zai tsage, amma wuyanta na motsi, don haka kada ka yi mamaki in tana neman saiti sau biyu a shekara. Kada a bar ta cikin mota da rana. Gumi kuma shi ne ajalin tsirkiya, ɗan tsumma busasshe bayan kowane zama zai ninka mata kwana.

To an saya, an kawo gida. Koyon fa?

A nan sai na waiwayi arewa da mu. Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa a Nijar, wanda yau yake cika zaurukan kiɗa a Turai da Amurka, da katako da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma ba da son iyayensa ba. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta Mali, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Faifan Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya da bulutut ya yaɗu cikin Sahara. Bombino ɗan Agadas ne, Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad kuma ta nuna abin ba na maza kaɗai ba ne. Ba wanda ya fara da littafin darasi a cikinsu. Sun ji abin da suke so ne, suka yi ta lalube a kan tsirkiya har suka same shi.

Tsarin koyarwa na Turawa yakan fara da kod, wato danne tsirkiya uku ko huɗu lokaci guda a shafe su gaba ɗaya. Yana da amfani, kuma dole wata rana ka iya Em da Am da C da G da D, ka kuma yi kokawa da F, wanda ya sa mutane da yawa suka rataye jita. Akwai darussa kyauta a YouTube, irin na Justin Sandercoe, masu tsari daki-daki, ga mai data da ɗan Turanci. Amma ni a ganina Bahaushe na da gajeriyar hanya da yake rainawa. Yawancin kiɗanmu a kan sautuka biyar yake tafiya, haka na Abzinawa, haka bulus na baƙaƙen Amurka, wanda shi ne ya raini jitar lantarki. Harshenmu kuma mai hawa da sauka ne, wanda ya taso yana gane abin da kalangu ke faɗa kunnensa ya riga ya yi rabin karatu. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya riƙe ƙasar nan shekara da shekaru, kai kuwa shida gare ka. Saboda haka ka saita su, daga mai kauri zuwa siririya, E, A, D, G, B, E, ko mi, la, re, sol, si, mi in ta Nijar ka koyo. Ka zaɓi waƙar da ta fi zama maka a rai, wadda kake rerawa a wanka. Ka rera gaɓar farko, ka nemi sautin farko a kan tsirkiya ɗaya, ka matsa gaba, ka dawo baya, har ya yi daidai da bakinka. Sai na biyu. Ranar farko wataƙila sauti biyar za ka samu cikin rabin awa. Amma ranar da wani na wucewa ta tsakar gida ya tsaya ya ce, "Kai, ba waƙar wane ba ce wannan?" daga ranar ba mai raba ka da jita.

Daga nan sai ka ƙara abin da 'yan Agadas ke yi: babban yatsa na bugun tsirkiya mai kauri a sake, tana gurnani ba tsayawa, manuni kuma na zana waƙar a kan sirara. Mai gurmi zai gane wannan nan take. In ka ga gwani a bidiyo hannunsa na gudu, ka rage saurin bidiyon zuwa rabi, YouTube na da wurin yin haka. Akwai kuma rubutun da ake kira tab, layi shida ne a madadin tsirkiyoyi shida, da lambobi masu nuna firet ɗin da za a danna, minti goma ya isa a gane shi.

Yatsu za su yi ciwo, wannan ba makawa, mako biyu zuwa huɗu kafin su yi kanta. A yanke farcen hannun da ke dannawa ƙwal. A danna dab da bayan ƙarfen firet, ba a kansa ba, kuma da ɗan ƙarfin da zai sa sauti ya fita kawai, ɗan koyo yakan shaƙe wuyan jita kamar mai bin ta bashi. Ciwon fatar yatsa na wucewa, amma in wuyan hannu ne ke zafi, a tsaya a gyara zama. Minti goma sha biyar kullum ta fi awa uku ranar Lahadi, domin hannu a maimaici yake koyo, kuma abin da ya ƙi ka da dare sau da yawa da safe sai ka tarar ya zauna. Abin da masu koyo su kaɗai suka fi rasawa shi ne bugu, sai su yi ta gudu a wuri mai sauƙi suna jan ƙafa a mai wuya. Maganinsa manhajar ƙirga bugu, ko mafi daɗi, aboki mai tafi ko mai buga bayan ƙwarya. Ka riƙa ɗaukar kanka a waya sau ɗaya a wata. Ba daɗin ji, amma in ka saurari na wata uku baya za ka yi wa kanka murmushi.

Akwai wata magana da ba a faɗa a shago. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, mai gidanta da matsayinta, kuma an saba makaɗi don wani yake kiɗa, sarki ne ko manomi ko ɗan dambe ko amarya, a kuma yi masa kari. Ma'aikacin banki ko malamin makaranta ya dawo gida ya rungumi jita ba don kowa ba, ba don ko sisi ba, wannan baƙon abu ne, kuma za a tambaye ka. Wata gwaggona da ta gan ni da ita cewa ta yi, "Ɗan nan, roƙo za ka koma bayan duk karatun?" Ta fuskar addini ma malamai sun yi maganganu mabambanta a kan kayan kiɗa, kowa ya san wanda yake bi, ba kuma ni zan raba wannan gardama ba. Abin da na lura da shi kawai, wanda ya shiga don a yaba masa ko don ya zama tauraro, shi ya fi saurin karaya, saboda kullum yana auna kansa da yaran da yake gani a intanet. Wanda yake yi don ya huce gajiyar yini ba shi da jarrabawar da zai faɗi. In shekara biyu ya yi yana juya waƙa huɗu, shi da ɗakinsa ne.

Sai dai jitar da ke cikin jaka a ƙarƙashin gado ba a kaɗa ta. Zuge zif, jawo waya, neman ɗan abin kaɗa tsirkiya, wannan ɗan aikin ya isa ya sa gajiyayye ya ce sai gobe. A rataye ta a bango ko a jingine ta kusa da inda ake zama, nesa da taga, a saitacce, a lulluɓa mata tsohon zane saboda ƙurar hunturu.

Jar nan tawa har yanzu tana nan. Dattijon ya ɗaure sandar wuyanta da ɗan makullinsa, ya sauke jakin, ya goge bakin ƙarafunan da 'yar zarto, ya sa sababbin tsirkiyoyi, duka bai fi awa ɗaya ba, ya kuma ƙi karɓar komai sai kuɗin shayi. Ɗan ƙanwata ne ke koyo da ita yanzu, ya kai sauti na bakwai a waƙarsa ta farko. Sunan da ke kanta kuwa tun a damina ta biyu ya fara ɗagowa daga gefe, na sa farce na ɓare shi. Ashe sitika ce.